Stephen Alfred Forbes

Stephen Alfred Forbes (an haife shi ranar 29 ga Mayu, 1844, ya rasu ranar 13 ga Maris, 1930) masanin kimiyyar halittu ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya yi fice a nazarin kifaye, ƙwari da rayuwar cikin ruwa. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka aza harsashin ilimin muhallin halittu a Amurka, wato ilimin da ke duba yadda halittu ke dogaro da junansu da kuma wurin da suke zaune. Ya shugabanci cibiyar binciken halittu ta jihar Illinois tun daga kafa ta a shekarar 1877 har zuwa rasuwarsa.

An fi saninsa da abu biyu. Na farko maƙalarsa ta 1887 mai suna The Lake as a Microcosm, wadda ta ɗauki tafki a matsayin ƙaramar duniya mai cin gashin kanta. Na biyu shi ne dogon binciken da ya jagoranta a Kogin Illinois, inda ya auna halin ruwan da halittunsa kafin birnin Chicago ya juyo da ruwan ƙazantarsa cikin kogin a 1900, sannan ya ci gaba da aunawa bayan haka. A daidai wannan zamani ne wani baƙon kifi da aka shigo da shi daga Turai, kifin karp, yake mamaye kogin. Bayanan da Forbes da abokan aikinsa suka tara suna cikin shaidu mafi daɗewa a duniya game da abin da gurɓatar ruwa da baƙon kifi ke yi wa babban kogi idan suka haɗu.

Farkon rayuwa

An haifi Forbes a Silver Creek da ke gundumar Stephenson a arewacin jihar Illinois, a gidan manoma masu ƙaramin ƙarfi. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara goma, sai babban wansa ya dawo gida ya ɗauki nauyin iyalin. Wannan wan nasa shi ya sa masa son karatu, ya kuma koya masa Faransanci. Forbes ya yi makarantar ƙauyensu, sannan a 1860 ya yi ɗan gajeren zama a makarantar Beloit da ke jihar Wisconsin, amma rashin kuɗi ya dawo da shi gida. Bai taɓa yin digirin farko ba. Yawancin abin da ya sani na kimiyya da harsuna shi ya koya wa kansa.

Aikin soja

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, Forbes ya shiga rundunar sojan doki ta 7 ta Illinois a ɓangaren Arewa, yana da shekara 17. A 1862 sojojin Kudu suka kama shi kusa da garin Corinth a jihar Mississippi, ya yi wata huɗu a tsare, ana yawo da shi tsakanin gidajen fursuna na Mobile, Macon da Richmond. A cikin tsaren ne ya fara koyon harshen Girka daga wani littafin nahawu. Ya fito da rashin lafiya, ya yi jinya, sannan ya koma bakin daga. Yana cikin mahayan da suka yi sanannen harin Grierson na 1863, wanda ya ratsa jihar Mississippi daga arewa zuwa kudu. Ya kai muƙamin kyaftin yana da shekara 20, ya bar aikin soja a 1865 bayan an gama yaƙi.

Daga likitanci zuwa nazarin halittu

Bayan yaƙi ya shiga Kwalejin Likitanci ta Rush a Chicago, amma bai kammala ba. Ya koma kudancin Illinois yana koyarwa a makarantu, yana kuma amfani da lokacin hutunsa wajen tattara tsirrai da ƙwari. Rubuce-rubucensa na farko sun fito a 1870, har masanin tsirrai George Vasey ya raɗa wa wani tsiro da Forbes ya gano sunan Saxifraga forbesii.

A 1872 aka naɗa shi mai kula da gidan adana samfuran halittu na ƙungiyar masana halittu ta Illinois da ke garin Normal. Ya gaji John Wesley Powell, wanda ya yi suna da binciken Kogin Colorado. Forbes bai gamsu da jera matattun dabbobi a cikin akwatunan gilashi ba. Ya nemi a mayar da wurin cibiyar bincike, kuma a 1877 majalisar jihar ta kafa ɗakin binciken halittu na jiha, aka ba shi shugabancinsa. A 1882 aka ƙara masa muƙamin babban masanin ƙwari na jihar. A 1884 Jami'ar Indiana ta ba shi digirin digirgir bisa jarrabawa da kundin bincike. A tsakiyar shekarun 1880 ya koma Urbana tare da ɗakin binciken, ya zama farfesan ilimin dabbobi da ƙwari a makarantar da ta zama Jami'ar Illinois. Ya riƙe shugabancin tsangayar kimiyya ta jami'ar daga 1888 zuwa 1905.

Abincin kifaye da maƙalar tafki

A zamanin Forbes, mafi yawan masana halittu sun fi mayar da hankali ga raɗa wa halittu suna da rarraba su gida-gida. Shi kuwa tambayarsa ita ce: me kowace halitta ke ci, kuma wa ke cin ta? Daga ƙarshen shekarun 1870 ya shiga farke cikin kifaye da tsuntsaye yana duba abin da suka ci a ƙarƙashin madubin ƙara girma, yana ƙididdige kason kowane irin abinci. Zuwa 1888 ya duba cikin kifi fiye da 1,200 na nau'i 87.

Wannan aiki ya nuna masa cewa kusan dukkan kifayen ruwan daɗi, har da manyan masu farauta, suna fara rayuwa ne da cin filankton, wato ƙananan halittun da ke yawo a cikin ruwa waɗanda ido ba ya gani sosai. Ke nan duk abin da ya taɓa waɗannan ƙananan halittu zai taɓa kifin da masunci ke kamawa, ko da an ɗauki lokaci kafin a ga alamar.

A kan wannan tushe ya gina maƙalar da ya gabatar a gaban ƙungiyar masana kimiyya ta birnin Peoria a watan Fabrairun 1887. A cikinta ya bayyana cewa ba za a fahimci nau'in kifi ɗaya ba sai an fahimci abincinsa, da abincin abincinsa, da abokan gasarsa, da masu farautarsa, da tsirran da ke ba shi mafaka, da yanayin ruwan kansa. Ya yi misali da kifin bas, ya bi sarƙar abincinsa har ta game kusan dukkan halittun tafkin. Ya kuma yi bayanin yadda mai ci da wanda ake ci suke kaiwa ga wani irin daidaito, domin mafarauci da ya ƙarar da abin farautarsa shi ma ya hallaka kansa. Tasirin Charles Darwin da Herbert Spencer a bayyane yake a wannan tunani. An sake buga maƙalar a 1925, kuma ta riga kalmar da masanin Ingila Arthur Tansley ya ƙirƙira a 1935 don tsarin halittu da muhallinsu da kusan shekara hamsin.

Hukumar kifi ta tarayyar Amurka ta riƙa neman taimakonsa. A 1884 ya binciki mutuwar ɗimbin kifaye a Tafkin Mendota da ke Wisconsin, kuma a farkon shekarun 1890 ya yi nazarin ƙananan halittun ruwa a gandun Yellowstone.

Kogin Illinois da tashar Havana

Kogin Illinois yana da tsawon kimanin kilomita 440. Yana farawa ne inda kogunan Des Plaines da Kankakee suka haɗu a kudu maso yammacin Chicago, ya gangara ya faɗa Kogin Mississippi kusa da garin Grafton. Sashensa na ƙasa yana bin tsohon kwarin da Mississippi ya taɓa bi a zamanin da, shi ya sa yake tafiya a hankali cikin faffadar fadama mai cike da tafkuna da gulabe. Duk shekara ambaliya kan haɗe kogin da waɗannan tafkuna, kifaye su shiga su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma a ruwa marar zurfi mai yalwar abinci, sannan su koma kogi idan ruwa ya janye.

A 1894 Forbes ya buɗe tashar binciken halittu a garin Havana da ke bakin kogin, wadda ake ɗauka ita ce irinta ta farko a kan wani kogi a Amurka. Bayan shekara biyu aka gina mata ɗakin bincike a kan jirgin ruwa, yadda za a iya jan sa zuwa duk inda aiki ya kai. Masana tashar sun dogara ƙwarai da masuntan yankin, waɗanda suka san inda kowane kifi yake kwana da lokacin da yake ƙwai. Charles Kofoid, wanda ya kula da tashar daga 1895 zuwa 1900, ya yi shekaru yana ɗibar ruwa a kai a kai yana auna yawan filankton, an kuma buga sakamakon a 1903 da 1908. Amfanin wannan aiki ya fito fili daga baya: ya zama hoton kogin kafin babban sauyin da ke tafe, abin da za a riƙa gwada komai da shi.

Zuwan kifin karp

Kifin karp, wanda masana ke kira Cyprinus carpio, ɗan asalin Asiya da gabashin Turai ne, kuma an daɗe ana kiwonsa a tafkunan Turai. Hukumar kifi ta Amurka, ƙarƙashin Spencer Baird, ta shigo da shi daga Jamus a 1877 da niyyar samar wa jama'a abinci mai araha, ta riƙa raba 'ya'yansa kyauta a faɗin ƙasar ta jirgin ƙasa. An zuba shi a Kogin Illinois a 1885. Kafin ƙarshen ƙarnin ya riga ya zarce kowane kifi a kamun masuntan kogin.

Halittar karp ce ta ba shi wannan galaba. Macensa kan saki ƙwai dubu ɗaruruwa a kaka ɗaya. Yana girma da sauri, yana cin kusan komai da ya samu a ƙasan ruwa, yana kuma jure ruwa mai ɗumi, mai laka, mai ƙarancin iskar oksijin, inda kifaye da yawa na asali ba sa iya zama. Yadda yake kiwo ma yana sauya wurin: yana tonon laka da bakinsa, ya tumɓuke tsirran ruwa, ya dama ruwan har hasken rana ya kasa ratsawa. Hakan kan cutar da kifayen da ke farauta da ido da kuma agwagin daji masu cin tsirran.

Tun a lokacin mutane sun rabu biyu a kansa. Masu kamun kifi don nishaɗi da mafarautan agwagi sun tsane shi, masuntan kasuwa kuwa sun samu arziki da shi, domin ana loda shi a jirgin ƙasa zuwa Chicago da New York, inda baƙin haure daga Turai, musamman Yahudawan gabashin Turai, suka saba cin sa. A littafin The Fishes of Illinois, wanda Forbes ya rubuta tare da Robert Earl Richardson aka buga da kwanan shekarar 1908, sun bayyana kimanin nau'in kifi 150 na jihar tare da taswirar inda ake samun kowanne. Da suka zo kan karp, sun auna zarge-zargen da ake yi masa da alƙaluman kamun kifi, ba su ga hujjar cewa ya rage kifayen asali a kogin ba, suka ɗauke shi a matsayin kifi mai amfani ga tattalin arziki. Masana na baya sun fi su tsanantawa a kan ɓarnar karp, musamman ga tsirran ruwa. Sai dai a shekarun da Forbes ya yi wannan hukunci, fadamar kogin tana nan da faɗinta, abinci kuma ya wadaci baƙo da ɗan gida.

Ruwan ƙazantar Chicago

Birnin Chicago yana shan ruwan Tafkin Michigan, kuma a ƙarni na 19 cikin wannan tafkin ne Kogin Chicago yake zubar da ƙazantar birnin. Zazzaɓin taifot da sauran cututtukan ruwa sun riƙa kashe mutane. Maganin da hukumomi suka zaɓa shi ne juya akalar kogin. Aka haƙa babbar hanyar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 45, aka buɗe ta a watan Janairun 1900. Daga nan ruwan tafkin ya riƙa kwaso bayan gidan mutum kusan miliyan 1.7, da jini da tumbin manyan mayankun dabbobi na birnin, da dagwalon masana'antu, ya bi ta Des Plaines ya shiga Kogin Illinois ba tare da an tace shi ba. Jihar Missouri, wadda birninta St. Louis ke shan ruwan Mississippi, ta kai ƙara Kotun Ƙoli, amma a 1906 kotun ta yanke cewa ba a tabbatar da cutarwar ba.

Abin da ya fara biyo baya ya ba mutane da yawa mamaki. Ƙarin ruwan ya ɗaga kogin da kusan mita ɗaya a Havana, tafkunan fadama suka faɗaɗa, ko da yake bishiyoyi da yawa na bakin ruwa sun mutu saboda jiƙewar dindindin. Ƙazantar kuma, bayan ta yi tafiya mai nisa ta narke, sai ta zama kamar taki. Da Richardson ya maimaita awon Kofoid a 1909 da 1910, ya tarar filankton ya ƙaru. A 1908 masunta fiye da 2,000 sun kama kifi kimanin kilo miliyan 11 a Kogin Illinois, kusan kashi 10 cikin 100 na duk kifin ruwan daɗi da aka kama don sayarwa a Amurka a shekarar. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan kamu karp ne. Forbes da kansa ya yarda a lokacin cewa ƙazanta daidai gwargwado tana ƙara wa kogi albarka, muddin ba ta fi ƙarfinsa ba.

Lalacewar kogin

Ba a daɗe ba ta fi ƙarfinsa. A lokacin zafi na 1911 da kuma 1912, Forbes da Richardson suka bi sashen sama na kogin suna ɗibar ruwa da laka, masana sinadarai na jihar suna auna iskar oksijin da ke cikin ruwan. A wajen garin Morris sun tarar da ruwa mai launin toka, mai wari, da dunƙulen ruɓaɓɓiyar laka na tasowa sama, iskar oksijin kuma ta kusa ƙarewa. Kifi ya ƙaurace wa tsakiyar kogin. Abin da ya rage shi ne jajayen tsutsotsin laka da wani yauƙi na bakteriya da ke manne wa duwatsu.

Dalilin a sarari yake. Ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da ƙazanta suna shaƙar iskar oksijin da ke narke a ruwa. Idan ƙazantar ta yi yawa, sukan cinye iskar fiye da yadda kogi ke samun sabuwa daga sarari da tsirrai. Abin ya fi muni a lokacin zafi, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, ga kogi ya ja baya, ga ruɓewa na sauri.

A rahotonsu na 1913 sun kasa kogin kashi huɗu: ruɓaɓɓen ruwa, gurɓataccen ruwa, ruwa mai ɗan gurɓata, da ruwa mai tsabta, suka lissafa halittun da ake samu a kowane kashi. Wannan ya yi daidai da tsarin da Richard Kolkwitz da Maximilian Marsson suka fitar a Jamus a 1908 da 1909, kuma yana cikin matakan farko na amfani da halittu wajen gane lafiyar ruwa. Hikimar ita ce, awon sinadari yana faɗin halin ruwa ne a sa'ar da aka ɗebe shi, amma dodon koɗi ko tsutsar ƙwaro da ke zaune a laka suna ba da labarin watanni.

Chicago ta ci gaba da girma, mutanenta suka kai miliyan 2.7 a 1920, ga kuma dagwalon masana'antun barasa da na sarrafa hatsi a Peoria da Pekin. A rahotonsu na 1919, Forbes da Richardson sun nuna cewa iyakar gurɓataccen ruwa tana gangarawa ƙasa shekara bayan shekara. Richardson, wanda ya riƙa ƙirga halittun ƙasan kogi, ya tarar cewa tsakanin 1915 da 1920 dodon koɗi da tsutsotsin ƙwari masu son ruwa mai tsabta sun ɓace daga wurare masu faɗi har zuwa Tafkin Peoria, tsutsotsin laka suka maye gurbinsu. Tsirran ruwa ma suka ragu ƙwarai. Kifayen asali masu buƙatar ruwa mai iska su suka fara ɓacewa, karp ya fi su daɗewa. Amma shi ma bai tsira lafiya ba. A 1928 David Thompson, ɗaya daga cikin ma'aikatan Forbes, ya wallafa bincike kan karp masu kumburin kai da nakasar ƙashi, waɗanda ba sa girma yadda ya kamata, kuma aka fi samun su a sassan da suka gurɓata.

Darasin da ya fito daga waɗannan shekaru shi ne yawan kifin da ke shiga taru ba shi ne ma'aunin lafiyar kogi ba. Kamun 1908 ya zo ne a lokacin da sashen sama na kogin ya riga ya fara mutuwa, kuma nau'i ɗaya ne na baƙon kifi ya cika kwandunan. Gurɓata takan tankaɗe halittu, ta zubar da masu rauni ta bar masu jurewa, kuma sau da yawa baƙon da ya iya zama ko'ina shi ke cikin waɗanda suka rage.

Jinga da asarar fadama

Forbes bai ɗora wa ƙazanta laifin duka ba. Daga farkon shekarun 1900 zuwa tsakiyar 1920, masu gonaki sun yi ta gina jinga a bakin kogin suna zuƙe ruwan tafkuna da injuna domin su shuka masara. Kusan rabin fadamar aka raba da kogin ta wannan hanya. Tafkin Thompson da ke kusa da Havana, wanda ya fi kowanne suna wajen kifi, an busar da shi a farkon shekarun 1920. Forbes ya yi ta jan hankalin hukumomi cewa waɗannan tafkuna su ne wurin haihuwar kifi da rumbun abincinsa, kuma ya kamata a lissafa darajar kifin da suke bayarwa kafin a mayar da su gona. Ba a saurare shi sosai ba. Kamun kifi a kogin ya faɗi ƙwarai bayan 1908, bai sake komawa inda yake ba.

Sauran ayyuka

A matsayinsa na babban masanin ƙwari na jiha daga 1882 zuwa 1917, Forbes ya yi aiki mai yawa kan ƙwarin da ke ɓata masara, alkama da itatuwan marmari, kuma yana cikin na farko a Amurka da suka gwada yaƙar ƙwari da cututtukansu. Tsakanin 1906 da 1909 ya tura mataimakansa suka ratsa jihar da ƙafa suna ƙirga tsuntsaye bisa tsari, aikin da aka maimaita bayan shekara hamsin don ganin abin da ya sauya. A 1917 aka haɗe ofisoshinsa biyu suka zama Illinois Natural History Survey, wato hukumar binciken halittun Illinois, ya zama shugabanta na farko.

An zaɓe shi a Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka a 1918, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana muhallin halittu ta Amurka a 1921. A matsayinsa na shugaba ya dage cewa bai kamata wannan ilimi ya ware ɗan Adam gefe ba, tun da mutum shi ne halittar da ta fi kowace sauya muhalli. Ya bar rubuce-rubuce fiye da 400.

Iyali da rasuwa

Forbes ya yi aure a ranar 25 ga Disamba, 1873, suka haifi 'ya'ya biyar. Matarsa ta rasu a watan Janairun 1930, shi kuma ya bi ta ƙasa da wata biyu bayan haka, a Urbana, yana da shekara 85. Yana kan aikinsa har 'yan kwanaki kafin rasuwar.

Abin da ya biyo bayansa

Forbes ya ga farkon gyara kafin ya rasu. Chicago ta buɗe matatar ruwan ƙazanta ta Calumet a 1922 da ta arewacin birnin a 1928, aka kuma gina babbar matatar Stickney a shekarun 1930. Duk da haka, da hukumarsa ta fara ƙirga kifin kogin duk shekara a 1957, karp da wani ɗan'uwansa baƙo, kifin zinariya, su ne suka fi yawa a sashen sama, da yawansu ɗauke da gyambo da zaizayar fiffike. Sai bayan dokar tsabtace ruwa ta 1972 da manyan ramukan tara ruwan sama da aka haƙa a ƙarƙashin Chicago ne iskar oksijin ta ƙaru, kifayen asali irin su bas suka dawo, yawan karp kuma ya ragu. Wannan ya ƙarfafa abin da bayanan zamanin Forbes suka nuna, cewa gurɓatar ruwa ce ta riƙa share wa baƙon kifin fage.

Tsabtar ta zo da tata matsalar. Shekaru da yawa ruɓaɓɓen ruwan hanyar Chicago ya zama kamar katanga tsakanin Manyan Tafkuna da kwarin Mississippi, domin kifi kaɗan ne ke iya ratsa shi da rai. Da ruwan ya gyaru, hanya ta buɗe ta ɓangarorin biyu. Wani ƙaramin baƙon kifi mai suna gobi, ɗan asalin yankin Baƙin Teku, ya gangaro daga Tafkin Michigan. Daga kudu kuma wasu nau'ukan karp biyu na ƙasar Sin, mai launin azurfa da mai babban kai, suka hauro. An shigo da su jihar Arkansas ne a shekarun 1970 don su tsabtace tafkunan kiwon kifi da na tace ƙazanta, suka tsere zuwa Mississippi, suka iso Kogin Illinois a shekarun 1990. Abincinsu filankton ne, wato tushen sarƙar abincin da Forbes ya nuna cewa 'ya'yan kusan kowane kifi sun dogara da shi. Tun 2002 ake amfani da shingen lantarki a cikin hanyar ruwan, kusa da Romeoville, don hana su shiga Tafkin Michigan.

Sashen kogin da ke kusa da Havana yana cikin wuraren da waɗannan sababbin baƙi suka fi yawa a duniya, kuma masu bincike kan koma ga alƙaluman Kofoid da Richardson domin su san abin da ya sauya. Tashar Havana tana aiki har yanzu, tana ɗauke da sunan Forbes, haka ma wani wurin shaƙatawa na jiha a gundumar Marion. Tafkin Thompson, wanda ya yi fiye da shekara 80 yana gonar masara, an sake barin ruwa ya cika shi a 2007 ƙarƙashin shirin farfaɗo da fadamar Emiquon, aka kuma zuba masa kifayen asali na yankin.